Dawanau, gidan malam, NDLEA ko a riƙe shi a gida? Ga wanda yaro ya rikice masa a Kano

Kusan duk sati sai wani ya tare ni, ko a bakin masallaci bayan isha'i ko ya kira ni a waya yana rage murya, wai "Alhaji an ce kun taɓa shiga irin wannan, ina kuka kai naku?" An san wahalar da muka sha da autanmu shekarun baya kan shaye-shaye da rikicewar kai, shi ya sa. Kuma tambayar kullum ɗaya ce, ina ya fi, Dawanau ko gidan malam ko wajen 'yan NDLEA masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi ko irin rihab ɗin nan na kuɗi, wato gidajen gyaran masu shaye-shaye. Ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne, amma na zauna a bencin yawancin wuraren nan, na zubar da kuɗi a inda bai kamata ba, to bari na faɗa muku abin da na gani kowa ya auna da nasa.

Kafin maganar waje, abin da nake fara tambayar mutum shi ne, yanzu yanzu wane hali yake ciki? Don mu komai sai mu zuba shi a kwando ɗaya, "ya taɓu" ko "ɗan ƙwaya ne", alhali ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ya sha ya zarce yana kwance kaman gawa. Akwai wanda kansa ya juye, kwana uku huɗu ba barci, sai surutai, yana jin ana masa magana, ya ce an sa masa guba a tuwo. Akwai kuma wanda a ido lafiyarsa ƙalau, yana fita nema yana dawowa, amma ya kasa rabuwa da kwalba ko ƙwaya. In ka kai na farko inda ya dace da na uku, wallahi gawa za ka ɗauko.

Na farkon nan babu wani zaɓi a kansa balle a tsaya kwatance. In ka ga an tashe shi ba ya tashi, numfashi na fita da ƙyar yana minshari wani iri, leɓe ya canja kala, ko yana jijjiga kaman mai farfaɗiya, don tiramol in ya yi yawa yana kawo wannan, to imajansi mafi kusa da kai, Murtala ne, Nassarawa ne, asibitin Malam Aminu Kano ne, duk wanda adaidaita zai fi saurin kaiwa. A kwantar da shi ta gefe ɗaya. Don Allah a daina ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa manja ko madara, yana iya shaƙewa ya tafi huhu. A ɗauki kwalin abin da ya sha ko kwalbar a tafi da ita, kar a ɓoye don kunya, akwai allurar da ke karya ƙarfin kodin da danginsa, kuma sanin me aka sha yana taimaka wa likita. Haka wanda ya rikice farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, wannan yana iya zama maleriya ce ta hau kai ko sanƙarau, ba aljanu ba ne ba kuma ƙwaya ba. Haka mai jego da ta fara sambatu kwanaki kaɗan da haihuwa tana ƙin jaririn, asibiti a ranar, ba a bari sai an yi suna.

To sai na biyun, wanda kansa ya juye. A nan ne gida ke rabuwa biyu, mu ma haka aka yi, ni ina cewa asibiti, Kawu yana cewa gidan malam, Hajiya mahaifiyarmu tana tsakiya tana kuka. Kuma Kawu ne ya ci, don shi ne babba.

Zan yi wa gidan mari adalci, don in ba ka gane me ya sa mutane ke kai 'ya'yansu ba ba za ka iya hana kowa ba. Suna karɓa ko ƙarfe ɗayan dare ne. Ba kati, ba layi, ba a ce ka dawo ranar Laraba. Kuɗi ana daidaitawa, ka ba da abin da ya samu ka cika daga baya. Ga sunan karatu, uwa tana jin sanyi a ranta cewa ɗanta yana gaban allo ba cikin mahaukata ba, in maƙota suka tambaya ta ce ya tafi karatu. Sannan uwa uba, gidan ya samu barci a daren. Wanda bai taɓa kwana huɗu yana gadin ƙofa da ido biyu ba ba zai san darajar wannan ba.

Amma ga abin da na tarar. Kawu ya ce masa ya zo ya raka shi dubiya, ya shiga mota da kansa, aka wuce da shi wani gida a bayan gari, ba zan faɗi sunan wajen ba. Aka ce kar kowa ya zo sai bayan sati uku. Ranar da muka je ni da Hajiya, an fito da shi yana jan ƙafa, mari a idon sawu, wajen ya sale ya yi ruwa ƙudaje na bi, kansa an aske ƙwal, ga kirci a wuya. Hajiya ta miƙa masa kwanon dambun da ta kwana tana yi, bai kalle ta ba, ya sa hannu biyu yana turawa kaman za a ƙwace. Da ya gama ya matso kusa da ni ya ce a hankali "Yaya don girman Allah ka tafi da ni." Wani almajirin gidan ne ya tsegunta min cewa a satin farko ya faɗi yana jijjiga har sau biyu, aka ce aljanin ne ke fita. Daga baya likita ya min bayani, ƙwayoyin sa barci irin su roci da diyazefam in jiki ya saba aka yanke su rana ɗaya suna kawo jijjiga har ta iya kisa, a hankali ake rage su. Kenan Allah ne kawai ya yi da sauran kwanansa.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Kowa ya tuna watan Satumba na 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da sarƙoƙi da tabon bulala, aka zo aka yi na Daura, gwamnatin Kano ma ta ba da umarnin rufe irin gidajen. Sannan a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta canja, amma uwar da ɗanta ya ɗau taɓarya cikin dare ba doka take nema ba, ƙofar da za ta buɗe take nema, shi ya sa har gobe ana kaiwa a ɓoye. Ni dai hukuncina a kan mari ɗaya ne, yana hana shi sha don ba shi da hanyar samu, ba ya taɓa ciwon, ya fito da wani sabon ciwon na tsanar 'yan gidansu. Namu kwana tara da dawowa ya koma sha, kuma ya fi da.

Kar wani ya ce na zagi malamai ko na ƙaryata ruƙiyya. Addu'a daban, sarƙa daban. Limamin unguwarmu yana zuwa har gida ya yi masa karatu, kuma shi ne da bakinsa ya ce wa Kawu "Alhaji a haɗa da asibiti, Annabi ya ce a nemi magani." Malamin da za ka guda shi ne wanda zai ce ka zubar da maganin asibiti wai yana ƙara wa aljani ƙarfi. Har bincike an yi a Ibadan da Kumasi ta Gana, ƙarƙashin Farfesa Oye Gureje, inda aka haɗa masu maganin gargajiya da na addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci suna duba mara lafiya tare, aka wallafa a 2020, kuma waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi. To ka ga ba sai an zaɓi ɗaya an jefar da ɗaya ba.

Yanzu asibiti. A Kano manyan ƙofofi biyu ne mutane suka fi sani, Dawanau da ke hanyar Katsina wajen kasuwar hatsi, da sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya. Bambancinsu a wajena shi ne, Dawanau aikinsu kenan ba wani, wanda ya yi tsamari yana fisge-fisge ba baƙon abu ba ne a wajensu, in ana bukatar a kwantar da shi nan hankali ya fi tafiya. Matsalar sunan ce, mun mayar da shi zagi, yaro ya yi shirme a ce "kai sai Dawanau", shi ya sa iyali ke jan ƙafa har abu ya lalace, alhali da yawan masu zuwa can kati ne a hannunsu, su ga likita su karɓi magani su hau mota su koma harkarsu, in ka gamu da su a Kwari ba za ka taɓa sani ba. Malam Aminu Kano kuma amfaninsa komai na waje ɗaya, in akwai ciwon hanta, ko suga, ko ciki ne da ita, ko ana zargin wani abu a ƙwaƙwalwa da ke son hoto, ana tura ka sashe na gaba. Ga rufin asiri, wanda ya gan ka a bakin get bai san wane sashe ka nufa ba, ga budurwa ko matar aure wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haƙuri kam sai an yi ko'ina ka je, likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, ka raba ka gani. Ka yi sammako, ka tafi da wanda ya san labarin tun farko, ba ɗan rakiyar da za a tambaya ya ce shi ma yau ya zo ba.

Abin da ke korar mutane daga asibiti kuma shi ne satin farko na magani. Za ka ga yaro ya sandare, wuya ya ƙage, yawu na zuba, harshe ya yi nauyi, sai dangi su ce ka gani ko, sun kashe masa jiki da allura. Hajiya ma sai da ta ɓoye maganin a ƙarƙashin katifa. Wannan illar wasu magungunan ce kuma ana gyara ta, a rage ko a canja, komawa za ka yi ka faɗa ba dainawa ba. Abin dariya abin takaici, ekzol ɗin nan da yara ke sha a lungu don su yi caji, asalinsa maganin wannan sandarewar ne. Wanda kuma ba ya yarda ya haɗiyi ƙwaya kullum, akwai allurar wata-wata, ka tambaya.

Sai na ukun, mai shaye-shaye da hankalinsa. Shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka sha wani abu a cikin shekara ɗaya, Kano kuma kashi 16 cikin ɗari, sama da mutum miliyan ɗaya, kuma a duk masu sha huɗu ɗaya mace ce. A shekarar ne aka hana yin maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC, kwalba ta yi tsada, yara suka koma kan abin da ya fi arha. To mutum miliyan ba gadon da zai ɗauke su, dole yawancinsu a gida za a yi jinyarsu ko ana so ko ba a so.

NDLEA mutane na jin sunan sai gabansu ya faɗi, a zatonsu kai ɗanka can kaman ka miƙa shi kotu ne. Ba kamu kaɗai suke yi ba, suna da ɓangaren ba da shawara da gyaran masu sha, suna gwajin fitsari, kuma tun 2022 suna da layin waya na kyauta dare da rana, 0800 1020 3040, kana iya kira ka yi tambaya kafin ka ɗaga ƙafa. Wannan ya dace da wanda matsalarsa sha ce zalla kuma ana son a raba shi da unguwa na ɗan lokaci. Haka gidan gyaran tarbiyya na gwamnatin jiha da ke Kiru, wanda aka sani da haɗawa da koyar da sana'a. Amma in yana jin muryoyi, ko ya yi maganar kashe kansa, likitan ƙwaƙwalwa ne farko, sauran su biyo baya.

Rihab na kuɗi kuma, akwai na kirki akwai gidan mari mai fenti da esi. Mun gwada ɗaya wata biyu, kuɗin da na biya da ya ja min jari, ashe likita sau ɗaya yake leƙowa a sati, sauran kwanakin talabijin ce da maigadi. Kafin ka biya ko sisi ka ce a nuna maka ɗakin da zai kwana ba ofis ba, ka tambayi wane likitan ƙwaƙwalwa ke duba su kuma sau nawa, in ya faɗi cikin dare wa ke nan, yaushe za ku iya ziyara, sannan ranar sallama me aka tsara. Duk wanda ya ce maka wata uku ya warke har abada, ko ya hana ka ganin ciki, ɗau takalminka.

'Yan sanda, Hisba, 'yan sintiri fa? In ya ɗau makami rai na cikin haɗari ba ka da zaɓi, ka kira, amma ka faɗa musu tun a waya mara lafiya ne asibiti za a kai shi, kuma wani babba ya bi su. Sel ba ya maganin komai, masu cewa a kulle shi kwana biyu ya ji jiki, an kulle namu, da ya fito abokai ya ƙaro. Hisba da mai unguwa sun fi amfani wajen sasanci, miji zai saki mata don ya kama ta da kwalba, uba ya rantse sai ya kori ɗa, ko a yi maganin mai kemis ɗin da ke sayar musu. A Amurka tun Yulin 2022 suna da lamba 988 ta masu irin wannan hali, a wasu garuruwan har ma'aikatan lafiya ake turowa gida maimakon ɗan sanda. Mu namu tawagar ita ce wanda yake jin maganarsa, da maƙocin da ke da mota. To a yi amfani da su da tsari, mutum ɗaya ya yi magana, a hankali, ba gardama kan abin da yake gani ko ji, a kori 'yan kallo, wanda ya ɗaga waya zai yi bidiyo a ƙwace, a kwashe wuƙaƙe da igiya da fiya-fiya da duk maganin da ke gidan. In ya ce ya gaji da duniya kar a ce masa kai dai ka ji tsoron Allah a wuce, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa mutum ya yi, kuma kar a bar shi shi kaɗai har a ga likita.

Abin da ya riƙe namu a ƙarshe ba waje ɗaya ba ne. Sati biyu ya yi a gadon asibiti aka rage masa ƙwayoyin a hankali aka daidaita barcinsa, sauran duk a gida ne da zuwa kilinik. Ba sabon abu ba ne ma, tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara haka a Aro ta Abekuta, marasa lafiya na zaune a ƙauyukan kusa da asibiti tare da wani ɗan'uwansu, da rana a duba su da dare su kwana cikin mutane. Mu dai raba aiki muka yi. Hajiya ke riƙe magani ta ba shi a hannu ta tsaya ya haɗiye. Ni na canja masa layi na ɗauke shi shago, wata shida ban bar shi ya taɓa aljihun kuɗi ba, abinci da kuɗin mota a hannuna suke. Yayarmu ke tuna ranar likita. Liman ya sa shi cikin masu sharar masallaci, ƙaramin abu, amma asuba ta dawo masa. Wannan hanyar ita ta fi arha a kuɗi kuma ita ta fi cin rai, in gidan ba mai tsayawa, ko a gidan ma akwai mai sha, ko dilan yana ƙofar gida, to a nan ne kwantarwa na wata biyu uku ke da ma'ana, ka mayar da shi can ko wajen dangi a wata unguwa.

Bayan asibitin ya koma sha sau ɗaya, da babbar salla, abokai suka ja shi yawo. Ku riƙe wannan da kyau don shi ke kashe yara, wanda ya daina na wasu watanni jikinsa ya sauka, in ya koma ya sha adadin da ya saba sha da, yana iya zarcewa, kwanakin farko bayan sallama daga kowane waje su ne mafi haɗari. Ba mu yi taron dangi ba, ba mu kira Kawu ba, washegari na sa shi a mota muka koma wajen likita, kuma tun a tsakar gida na faɗa masa inda za mu. Ya yi shiru ya ɗauko hularsa. Kawu kuwa sun shirya, suna gaisawa har da wasa, amma har yau in ya tsaya da mota ya ce "Auta zo na rage maka hanya", sai ya ce a'a Kawu na gode, adaidaita zan hau.